Waiwaye: Ranar 12 Ga Satumbar 2008 Da Rigimar Asusun Fansho A Ostareliya

Muhawarar da ake yi a Ostareliya kan wanda ya cancanci zaɓa wa ma'aikaci asusun fansho, da dalilin da ya sa aka ɗauke wa wasu masu ɗaukar aiki bin jerin asusun da kundayen albashi (takardun hukuma masu ƙayyade albashi da sharuɗɗan aiki na kowace sana'a) suka tanada, takan taso kamar sabuwa duk lokacin da aka fitar da sakamakon gwajin da hukuma take yi wa asusun duk shekara don auna ribar da suke kawowa da cajin da suke cira. Alhali kuwa tushenta ya kai shekara arba'in.

Mafarin ba ɓoyayye ba ne. A 1985 gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago suka daidaita cewa maimakon ƙarin albashi na kashi 3 cikin ɗari, a riƙa zuba kuɗin a asusun ritaya, kuma a 1986 hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta yarda a shigar da hakan cikin kundin albashi na kowace sana'a. A 1992 doka ta wajabta biyan, wanda ya yi ta hawa har ya kai kashi 12 a watan Yulin 2025. A 2005 ne akasarin ma'aikata suka samu 'yancin zaɓen asusu da kansu. Tun da a teburin cinikin albashi aka haifi kuɗin, kundin albashi ne ya ci gaba da faɗin inda za a kai na wanda bai zaɓa ba.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne a 2008, lokacin da aka shiga haɗe tsofaffin kundaye fiye da dubu ɗaya zuwa sababbi 122, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2010. Yawancin sababbin kundayen sun lissafa sunayen asusun da mai ɗaukar aiki zai zuba kuɗi a ciki, amma a ƙarshen jerin aka ƙara wani ɗan sashe mai cewa duk asusun da yake zuba wa ma'aikatansa kuɗi kafin 12 ga Satumbar 2008, yana iya ci gaba da shi ko da sunansa ba ya cikin jerin. Hujjar ba ta banza ba ce, domin kwashe ma'aikata daga asusun da suka saba da shi yana da tsada, wasu asusun kamfanoni ma sun fi na jerin sauƙin caji da kyawun inshora. Sai dai ma'aunin da aka ɗauka kwanan wata ne kawai. Ba a tambayi ribar da asusun yake kawowa ba, ba a tambayi abin da yake cira ba, ba a kuma sa ranar da sassaucin zai ƙare ba. Ta haka kamfanoni biyu masu sana'a ɗaya, ƙarƙashin kundi ɗaya, suka zama ɗaya yana ɗaure da jeri, ɗayan yana da sarari, don kawai na biyun ya riga na farkon buɗe ƙofa. A ganina nan ne gizo yake saƙa, musamman da yake ma'aikata da yawa ba sa cike takardar zaɓi, suna barin kuɗinsu inda aka fara kai shi.

An yi ƙoƙarin gyara. Dokar 2012 ta tanadi kwamitin ƙwararru da zai riƙa tace asusun da ke cikin kundaye duk shekara huɗu, amma aikin ya tsaya a 2014 bayan wata shari'a kan yadda aka haɗa kwamitin. Daga Janairun 2014 aka shar'anta cewa kuɗin wanda bai zaɓa ba sai dai ya shiga asusu mai tsarin MySuper, wato tsari mai sauƙi da gwamnati ta gindaya wa sharuɗɗa don irin waɗannan ma'aikata, wanda ya ɗaga ƙaramin matakin inganci ba tare da ya taɓa wancan kwanan wata ba. A gwajin farko na 2021, asusu 13 masu wannan tsarin sun faɗi.

Daga 1 ga Nuwamban 2021 kuma, asusun da ma'aikaci yake da shi yana binsa idan ya sauya aiki, matuƙar bai zaɓi wani ba. An yi hakan ne don rage tarin asusun da caji yake cinyewa, amma ya ƙara wa asusun farko nauyi: matashin da ya fara aiki yau a kamfanin da yake cin moriyar sassaucin 2008 yana iya tafiya da asusun da aka zaɓa tun yana firamare zuwa duk aikin da zai yi nan gaba.