Wai me ake nufi da doo-wop ne?

Duk mai yawo a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da kalmar nan doo-wop, musamman yanzu da ake ɗaukar waƙoƙin zamani a maida su salon tsohuwar Amurka, ka ji maza huɗu ko biyar suna ta "du-wa, du-wa" a bayan mai rerawa. Har Bruno Mars sai da ya sa kalmar a sunan kundinsa na 2010. To kalmar dai ba ta da wata fassara, kar ma ka wahalar da ƙamus, sauti ne kawai da 'yan amshi ke yi da baki, shi ne ya zama sunan salon gaba ɗaya.

Asalin abun daga unguwannin baƙaƙen fata ne a biranen Amurka irin su New York, Philadelphia, Chicago da Baltimore, wajen ƙarshen shekarun 1940. Samari ne 'yan makaranta da ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, sai su haɗu a kusurwar titi ko tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, wani lokacin ma bayin makaranta saboda yadda bango ke dawo da amo, kowa ya ɗauki aikin kayan kiɗa ɗaya da muryarsa. Mai kaurin murya ya riƙe ƙasa yana "dum dum dum", mai siririyar murya ya haye can sama, biyu su cike tsakiya, sannan jagora ya ja baitin, kuma kusan kullum zancen soyayya ne. Kusan dai tsarin makaɗi da 'yan amshinsa, sai dai nan 'yan amshin su ne gangar su ne algaitar.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba, su masu waƙar a lokacin ba su kiranta doo-wop. R&B suke cewa, wato rhythm and blues, sunan da ake kiran kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da shi a lokacin, ko kawai waƙar ƙungiya. Sunan ya bazu ne a farkon shekarun 1960 lokacin da tashen ya riga ya fara yin sanyi, duk da ana jin sautin a amshin waƙoƙin ƙungiyoyi irin su The Turbans tun 1955.

In kana so ka gane salon da kyau to labarin The Orioles za ka bi, don da yawa su ake ɗauka a matsayin waɗanda suka buɗe ƙofa. Samarin Baltimore ne, jagoransu Sonny Til, tare da Alexander Sharp, George Nelson, Johnny Reed da mai jita Tommy Gaither. Da farko Vibra-Naires suke amsawa. Sai suka haɗu da wata farar fata Bayahudiya mai suna Deborah Chessler, mai aikin saida kaya a kanti ce amma tana rubuta waƙa, ta zama manajansu, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi fa, mace fara tana yawo da samari baƙaƙe gari-gari har kudancin ƙasar inda ko otal ɗaya ba a yarda su kwana ba. Ni a ganina ba a ba matar nan haƙƙinta a tarihin.

A 1948 ta kai su gasar rediyo ta Arthur Godfrey a New York, ba su ci ba, George Shearing makahon mai fiyano ne ya lashe, amma masu sauraro suka so su har aka sake gayyatarsu. A shekarar suka canja suna zuwa Orioles, sunan tsuntsun jihar Maryland, suka fitar da "It's Too Soon to Know" wadda Chessler ta rubuta. Waƙa ce mai sanyi, a hankali, kiɗan ma da ƙyar kake jinsa, amma ta hau na ɗaya a jadawalin R&B ta kuma kutsa na farare, abun da ba a saba gani ba lokacin. 'Yan mata kuwa in Sonny Til ya hau dandamalin gidan wasa na Apollo a unguwar Harlem ta New York ihu ne kawai da kuka. Daga nan sunan tsuntsaye ya zama yayi, duk da The Ravens sun riga su, sai ga Crows, Penguins, Flamingos, Cardinals, kowa da nasa tsuntsun.

Amma hanya ta ci 'yan Orioles. Ƙarshen 1950 suna dawowa daga wasa suka yi haɗarin mota kusa da Baltimore, Gaither ya rasu. Sun ci gaba dai, har a 1953 suka samu babbar waƙarsu "Crying in the Chapel", wadda asali ta 'yan kiɗan country ce, wato kiɗan fararen karkarar Amurka, kuma daga baya Elvis Presley ma ya rera ta. Bayan nan sai abubuwa suka fara watsewa, Nelson dama ya riga ya fita tun kafin waƙar, Chessler ta ajiye aikin a 1954, yara masu zafi-zafin kiɗa suka mamaye kasuwa. Sonny Til ya yi ta haɗa sababbin mutane da sunan Orioles yana zagaya wasanni har ya rasu a 1981, sai a 1995 aka shigar da ƙungiyar zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame.