Idan kamfani ya karye, wa ake fara biya?

Dattawan Maradi da suka yi tafiye-tafiye a shekarun baya ba su manta kamfanin jirgin sama na Air Afrique ba. Ƙasashe 11 ne, har da Nijar, suka kafa shi a birnin Yawunde a 1961, hedikwatarsa tana Abijan. Shekara arba'in yana ɗaukar ɗalibai da 'yan kasuwa da alhazai. Amma kamfanin mai iyaye da yawa ne: kowace gwamnati tana son a ɗauki mutanenta aiki, wasu kuma su hau jirgi bashi su ƙi biya. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, bashin da ake binsa da kuɗin waje ya ninka. A 1998 masu binsa suka ƙwace wasu jiragensa, a 2002 kuma kotun Abijan ta ba da umarnin a sayar da abin da ya rage.

Dokar da aka bi wajen wannan rabo ita ce ta OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu wuri ɗaya. Nijar tana ciki, don haka dokar ta shafi mai kanti a babbar kasuwar Maradi kamar yadda ta shafi kamfanin jirgin sama. An yi dokar a 1998, aka sabunta ta a 2015.

Da zarar kamfani ya kai ga abin da ke hannunsa bai isa ya biya bashin da lokacinsa ya yi ba, wajibi ne ya sanar da kotu cikin kwana 30. Kotu za ta duba. In akwai sauran numfashi, sai ta ba shi damar farfaɗowa ya biya sannu a hankali. In babu, sai a sayar da dukiya. Ta kowace hanya, kotu tana naɗa wakili da ake kira sindik, kuma daga ranar babu mai zuwa shi kaɗai ya ɗebi kaya ya ce ya karɓi haƙƙinsa.

Ga inda mutanenmu suke yin asara. Duk mai bin kamfanin bashi dole ya kai wa sindik takardun shaida cikin kwana 60 bayan sanarwa ta biyu a jarida, wanda ke wajen ƙasa kuma kwana 90. To mu nan an saba ciniki da amana. Alhaji zai loda wa kamfani buhunan shinkafa ɗari biyu, a yi musabaha, a ce "sai ƙarshen wata in Allah ya kai mu". Ba faktir, ba sa hannu, sai ɗan littafin da yaron shago yake rubutu a ciki. Amanar nan abin alfahari ce, ni ma a cikinta na tashi, amma sindik takarda yake karantawa. Kuma wa ke bin jaridar sanarwar kotu a cikin kasuwa? Kafin labari ya iso, wa'adi ya wuce.

Ko da ka kai takardunka kan lokaci, akwai layi. Kuɗin shari'a da albashin ma'aikata suna sahun gaba, kuma wannan daidai ne, don leburan da ya yi wata uku ba a biya shi ba ba shi da wata madogara. Bayansu akwai masu riƙe da jingina, kamar bankin da aka ba takardar gida ko fili. Wanda ya ba da kaya ba tare da jingina ba shi ne a can ƙarshe, su raba ragowar gwargwadon bashin kowa. Idan ragowar kashi ɗaya cikin goma ce na jimillar bashinsu, mai bin miliyan biyar zai koma gida da jaka ɗari biyar.