Matsalolin loda hotuna da yawa lokaci guda a sabar

Loda hotuna da yawa lokaci guda shi ne a zaɓi hotuna biyu ko fiye a fom ɗin shafin intanet, a tura su tare zuwa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, manhajar da ke can ta karɓa ta adana. Tsarin tura fayil ta fom ya samo asali ne daga takardar ƙa'ida ta RFC 1867 ta shekarar 1995, sannan HTML5, sigar harshen tsara shafukan intanet, ya kawo alamar multiple wadda ke ba mutum damar zaɓar fayiloli da dama a akwati ɗaya. Yawancin ƙananan shafuka da harshen rubuta manhaja na PHP ake rubuta su, don haka bayanin nan ya fi karkata gare shi.

Batun ya shafi matasan Hausawa mazauna Makka, Madina da Jidda da ke gina wa ofisoshin hidimar alhazai da masu Umra shafukan rajista, domin kowane maniyyaci yana zuwa da hoton fuska, hoton fasfo da katin rigakafin sanƙarau. Ayari guda kan tara fayiloli masu yawa, kuma abin da ya fi ɓata aiki shi ne hotunan sukan ɓace ba tare da shafin ya nuna wata alama ba.

Bincike yana farawa daga fom ɗin kansa. Dole ya zama ana turawa ta hanyar POST, kuma enctype, alamar da ke faɗin yadda za a shirya bayanan fom, ya zama multipart/form-data. In babu shi, sunan fayil kawai burauza ke aikawa. Dole kuma sunan akwatin ya ƙare da baka biyu masu kusurwa, kamar hotuna[]. Idan aka manta su, mutum zai zaɓi hoto goma, PHP ya riƙe na ƙarshe kaɗai.

Daga nan sai iyakokin da ke cikin fayil ɗin php.ini, inda saitunan PHP suke, kuma a nan ne akasarin wahalar take. Yadda PHP ke zuwa tun asali, upload_max_filesize megabait 2 ne ga kowane fayil, post_max_size megabait 8 ne ga duk abin da aka tura gaba ɗaya, max_file_uploads kuma fayil 20 ne. Kowace iyaka da irin halinta. Hoton da ya wuce megabait 2 yana isowa da lambar kuskure 1, sauran su shige lafiya. Idan jimillar ta haura megabait 8 kuwa, $_FILES da $_POST, inda PHP ke zuba fayiloli da sauran bayanan fom, duka suna zuwa wayam, har sunan maniyyacin da aka rubuta ya ɓace, mai shafin ya ɗauka ba a cike fom ɗin ba ne. Iyakar fayil 20 ta fi su haɗari: ma'aikacin ofis ya ɗora hotunan mutum 45, a karɓi 20 na farko, a watsar da 25, gargaɗin kuma ya tsaya a kundin kurakuran sabar inda ba kowa ke leƙawa ba. Ba a iya sauya waɗannan iyakoki da ini_set(), umarnin sauya saitin PHP, a cikin manhajar, domin kafin ta fara aiki an riga an yanke hukunci kan fayilolin. A php.ini ake gyara su. Wanda ke amfani da manhajar sabar ta Nginx yana da wani shingen a gaba, wato client_max_body_size mai megabait 1, wanda ke mayar da kuskure 413 tun kafin PHP ya ga komai.

Yadda $_FILES ke jera bayanai ma yana rikita sabon shiga. Ba ya haɗa bayanan kowane hoto wuri ɗaya. Sunaye suna jeri guda, girma yana wani, tmp_name (wurin ajiyar wucin gadi) da error (lambar kuskure) kowanne da nasa, lambar matsayi ce ke haɗa su. Kyakkyawar al'ada ita ce a duba error na kowane hoto kafin a taɓa shi: 0 lafiya lau, 3 ya yanke a hanya, 4 ba a zaɓi komai ba, 6 babu jakar wucin gadi, 7 an kasa rubutawa a faifai. Lamba 3 takan yawaita idan intanet ya yi rauni saboda cunkoso.

Akwai kuma asarar da ke faruwa bayan hotuna sun iso. move_uploaded_file(), umarnin da ke kai hoto wurin ajiyarsa, yana danne duk fayil ɗin da ya tarar da suna iri ɗaya. Mai sa wa hoto suna da time(), mai bayar da lokaci a daƙiƙa, zai ga hotuna biyar sun koma ɗaya, tunda duk a daƙiƙa guda aka sarrafa su. Ya fi dacewa sabar ta ƙirƙiri suna na musamman ga kowane hoto, a ajiye na asali a rumbun bayanai. Wannan yana kuma kawar da rikicin sunayen da aka rubuta da Larabci ko da ƙ, ɗ da ɓ, waɗanda ke dagulewa idan ba tsarin haruffa na UTF-8 ake bi ba.

Rage girman hoto yana cin ƙwaƙwalwa fiye da yadda ake zato. Hoto mai fiksel 4000 sau 3000, ko da megabait 3 ne a faifai, yana buƙatar kusan megabait 48 idan GD, kayan sarrafa hoto na PHP, ya buɗe shi, alhali memory_limit, iyakar ƙwaƙwalwar da PHP zai ci, na asali megabait 128 ne. Hoto na uku zai iya tsayar da komai idan ba a saki na baya ba. Wayoyin iPhone kuma tun 2017 suna ɗaukar hoto a tsarin HEIC, wanda GD ba ya karantawa.

Bai kamata a amince da nau'in fayil da burauza ta faɗa ba. Finfo ko getimagesize() na PHP su ke tantance abin da ke ciki. Shafin da ke riƙe fasfon mutane ya wajaba ya ƙirga hotunan da aka zaɓa da waɗanda aka adana, ya nuna wa ma'aikaci sunan duk wanda bai shiga ba. Idan ayarin babba ne, a tura hotunan ɗaya bayan ɗaya ta JavaScript, harshen da ke aiki a cikin burauza, yadda wanda ya yanke kaɗai za a sake turawa.