Tsirran daji a farkon damina: tambayoyi da amsoshi kan ci, magani da tsinka

A ƙasar Maraɗi shekarar manomi tana farawa ne da ruwan shuka, wanda yakan sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, bayan zafin bazara ya gama gasa mutane da dabbobi. Kafin gero ya kai gwiwa, gefen gonaki da bakin fadamu sun riga sun cika da ganyayen da ba wanda ya shuka. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi waɗannan tsirrai, wato wanda ake ci, wanda ake magani da shi, da wanda ya kamata a nisanta.

Me ya sa ganyen daji yake da muhimmanci a daidai wannan lokaci?

Domin yana zuwa ne a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tsakanin Yuni da Satumba hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba, farashin tiya ya hau a kasuwa, kuma a lokacin ne aikin noma ya fi cin ƙarfin jiki. Tafasa, gasaya, lalo, karkashi da rukuɓu suna fitowa cikin makonni kaɗan bayan ruwan farko, don haka suna rufe wani ɓangare na wannan giɓi. Wasu itatuwan ma ba sa jiran ruwa, domin kuka takan fid da sabon ganye a ƙarshen bazara, yaɗiya kuwa tana riƙe da ɗanyen ganyenta har cikin rani. Ganyaye masu duhun kore suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da bitamin A, abubuwan da tuwo da fura kaɗai ba sa wadatar da jiki da su, musamman jikin yara da mata masu ciki.

Yaya ake gane tafasa, kuma da me ake iya rikita ta?

Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, domin tafasa tana da ƴar'uwa mai suna raiɗore, kuma sau da yawa suna tsirowa wuri ɗaya, a tsohon juji ko a bakin hanya. Dukansu suna yin fure rawaya da dogon kwanso. Bambancin yana ga ganye. Kowane ganyen tafasa yana da ƙananan ganyaye shida, bibbiyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye, kuma sun fi faɗi daga can ƙarshe. Na raiɗore sun fi yawa, bakinsu da tsini, kuma idan aka murza su a yatsa warinsu ya fi ƙarfi da ɗaukar hanci. Ƙwayar raiɗore tana da guba idan aka ci ta ɗanya, tana taɓa hanta, kuma yara sun fi kowa shiga haɗarinta.

Mai tsinkar tafasa da ta san aikinta takan fita da sassafe, ta kama kan tsiron da babban yatsa da manuni, ta cire tohon sama kawai, ta bar tsohon ganyen ƙasa da ya yi tauri. A gida a tafasa ganyen sosai, a zubar da ruwan, a matse shi da hannu har ya dunƙule, sannan a kwaɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, barkono, gishiri da ɗan mai. Gasaya ta fi ɗaci, saboda haka ta fi son doguwar dahuwa da canjin ruwa.

Ba abincin yunwa ba ne wannan?

Akwai gaskiya a cikin tambayar, kuma ba daidai ba ne a rufe ta. A farin 1984 da matsalar abinci ta 2005, wadda ta yi tsanani a jihar Maraɗi, iyalai da yawa sun rayu ne da jiga da ƙwayar anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana canza ruwa kafin ɗacinta ya fita ta ciyu. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za a zarge shi ba idan ransa bai son ganin anza a kwano. Amma a ganina babbar asara ce a bar wannan tunani ya shafi kowane ganye, har yaran birni su taso suna jin kunyar kwaɗon tafasa. Mata suna sayar da shi a kasuwannin Maraɗi ko a shekarar da aka yi albarka, zogale kuwa ya zama amfanin sayarwa a lambunan Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi.

Me za a ce game da magani? Saiwa da sassaƙe suna warkarwa?

Wasu suna da amfanin da aka daɗe da sani. Ana dafa ganyen sabara don tari da ciwon ciki. Kwanson bagaruwa, wanda majema ke jima da shi, yana da bauri mai ɗaure ciki, shi ya sa ake ba mai gudawa kuma ake kurkure baki da ruwansa idan dasashi ya kumbura. Tsamiya tana sassauta ciki. Ilimin likitanci ma bai raina tsirrai ba, domin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti yau asalinsa wani tsiro ne na ƙasar Sin, dangin tazargade, kuma masaniyar da ta jagoranci fitar da sinadarinsa, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015.

Matsalar jiƙo da dahuwar gida ita ce awo. Ƙarfin saiwa yana canzawa da ƙasar da ta fito, da lokacin da aka haƙa ta, da tsawon zamanta a kan wuta, ta yadda kofi ɗaya na yau zai iya ninka na jiya. Babban mutum zai iya jurewa, jariri kuwa ƙodarsa da hantarsa ba su kai ba. Saboda haka ban yarda a ɗura wa jariri dauri ba, kuma mai ciki da mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga su fara gaya wa ma'aikacin lafiya abin da suke son sha. Damina ita ce lokacin zazzaɓin cizon sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya ana jiran ruwan ganyen dogon yaro ya yi aiki, kuma kada a bari maganin rigakafin da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata a damina ya wuce shi.

Waɗanne tsirrai ne ya kamata a hana yara taɓawa?

Zaƙami, mai farin fure kamar kakaki da ƴaƴa masu ƙaya, yana gusar da hankali kuma yana kisa. Nonon tumfafiya yana lalata ido. Ƙwayar cini-da-zugu da ta zurma suna da guba. Haka kuma ganye mai kyau yana zama illa idan an tsinke shi a gonar da aka fesa wa maganin ciyawa, ko kusa da magudanar ƙazanta.

Yaya za a tsinka ba tare da an kashe abin ba?

A ɗauki toho a bar saiwa, kuma a bar wasu tsirran su yi fure su zubar da iri. Tsofaffin masu magani sukan sassaƙi ɓawon itace daga gabas da yamma, su bar sauran, kuma ko mene ne dalilinsu, wannan hanya tana ceton itacen, domin wanda aka zagaye ɓawonsa gaba ɗaya abinci ba ya sauka zuwa saiwarsa, sai ya bushe. Abin da ke damuna shi ne masu cika buhuna don kai wa kasuwa, waɗanda ke fere marke ko kalgo tas su wuce.

Mutanen Maraɗi sun fi kowa sanin darajar saiwar da aka bari da rai. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a nan, ya lura cewa ƙananan kurmin da ake sarewa kowace shekara a gonaki tohon tsofaffin kututture ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara zaɓen reshe ɗaya zuwa kaɗan mafi ƙarfi a kowane kututture, suna datse sauran, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya gawo, sabara, kalgo da aduwa sun dawo a kan kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena. Ma'anar wannan ga mai neman ganye ko sassaƙe ita ce itacen gona yana da mai shi, sai an nemi izini.

Me mutum yake ƙaruwa da shi a kansa, ban da abin da ya sa a tukunya?

Yana koyon lura, kuma yana koyon ƙanƙan da kai. Mai digiri daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi zai tsuguna gaban tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ya ce, “Inna, wannan fa ana ci?” ita kuma ta karɓa ta shinshina, ta ce masa ya yar. Fitar sassafe bayan an kwana ana ruwa tana motsa jikin da ya saba da zaman shago ko ofis, tana kuma sa mutum ya san wata da yanayi da idonsa. Wannan ilimi yana hannun mata tsofaffi, mafi yawansa ba a rubuce yake ba, kuma yana raguwa duk lokacin da aka yi jana'izar ɗayarsu.

Wanda ya tashi a birni, ta ina zai fara?

Ya fara da tsiro biyu ko uku, tare da wanda ya san su, kuma kada ya dogara da hoton waya, domin hoto ba ya nuna wari ko taurin ganye. Ya ga kowane tsiro yana ƙarami, ya sake ganinsa da fure, sannan da kwanso, kafin ya yarda da kansa ya tsinka shi kaɗai. Idan ya ci sabon ganye karon farko, ya ci kaɗan kuma dafaffe. Abin da ya rage ya shanya shi a inuwa a kan tabarma mai tsabta, inda iska ke ratsawa, domin rana tana cinye korensa da bitamin ɗinsa. Idan ganyen ya bushe har yana karyewa a hannu, sai a zuba shi a tulu ko buhu mai tsabta, a ajiye nesa da laima.