Giya Mai Ƙarancin Sitaci Da Tsarin Rage Ƙiba Na Cin Nama

Tun da tsarin rage ƙiba na cin nama da kifi da ƙwai ya bazu a wayoyin mutane, tambayoyin da ake kawo mana asibiti sun sauya. A da tambayar ita ce malmalar tuwo nawa za a rage. Yanzu har da abin sha ake tambaya, kuma akwai wata da akan yi ta ƙasa-ƙasa bayan an tabbatar babu mai ji: giyar nan da kamfanoni ke talla cewa an rage mata sitaci, tana shiga cikin tsarin?

Na san mafi yawan masu karanta wannan ba sa shan giya, addini ya haramta musu, kuma wannan kaɗai ya ishe su. Amma ƙofar asibiti a buɗe take ga kowa. Muna da maƙwabta da abokan aiki da suke sha, muna da 'ya'yanmu da ke karatu ko aiki a ƙasashen waje, akwai kuma wanda yake sha a ɓoye yana jin nauyin tambaya. Duk suna da haƙƙin jin gaskiya. Kuma wanda bai taɓa kusantar giya ba, ya daure ya karanta, domin tarkon da ke cikin wannan kwalba yana cikin wasu kwalaben da ke firjinsa.

Amsar tambayar a taƙaice: ba ta shiga.

Su kansu waɗanda suka ƙirƙiro irin wannan tsari ba su yarda da ita ba. Likitan Amurka Robert Atkins, wanda tsarinsa ya shahara tun 1972, ya taƙaita sitaci zuwa kimanin giram 20 a rana a makonni biyu na farko, ya kuma hana giya a wannan lokaci. Bafaranshe Pierre Dukan, wanda tsarinsa ya game Turai bayan shekarar 2000, ya kasa nasa mataki huɗu. A na farko furotin zalla ake ci, wato nama marar kitse da kifi da ƙwai da madarar da aka cire wa mai. A na biyu a ƙara ganye. A waɗannan matakai biyu, waɗanda su ne na sauke nauyi, giya kowace iri haramtacciya ce. Saboda haka mai cewa yana bin tsarin sau da ƙafa, da kwalba a hannu, ya riga ya fita daga tsarin.

To daga ina wannan giya ta fito? Daga kasuwa. Lokacin da Amurkawa suka rungumi tsarin Atkins, masu yin giya suka ga za su yi asarar masu saye, sai suka fito da wadda za ta dace da zamanin. A 2002 kamfanin Anheuser-Busch ya fito da Michelob Ultra, wadda har yau ita ce aka fi sani a wannan rukuni. A kwalbarta ta mililita 355 akwai sitaci giram 2.6 kacal, alhali giya ta yau da kullum mai wannan girma tana ɗauke da wajen giram 13. Lambar 2.6 ɗin ita ake rubutawa ɓaro-ɓaro a gaba, kuma gaskiya ce. Sai dai kwalbar tana da kalori 95, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Giram 2.6 na sitaci kimanin kalori 10 ne kawai. Kusan duk sauran daga barasar da ke ciki suke fitowa, wato sinadarin da ke sa maye, wanda ya kai kusan giram 12 a wannan kwalba.

Nan ne mutane da yawa ba su sani ba. Giram ɗaya na sitaci yana ba jiki kalori 4, na furotin ma 4, na mai 9, na barasa kuwa 7. Ke nan barasa ta fi kusa da mai a kan tuwo. A babbar kwalbar nan ta santilita 60 da aka saba sayarwa a Najeriya, idan ƙarfinta kashi 5 cikin ɗari ne, akwai barasa kusan giram 24, wato sama da kalori 160 tun kafin a lissafa sitacinta. Ko da an tsame sitacin kakaf, waɗannan suna nan daram.

Kalori ma ba shi ne babbar matsalar ba. Jikin ɗan Adam yana da inda yake adana sitaci, yana da inda yake adana kitse, amma ba shi da ma'ajiyar barasa, domin a wurinsa guba ce. Da zarar ta shiga jini, hanta kan ajiye sauran aikinta ta fuskance ta, kamar mai girki da wuta ta kama labulen ɗakinta: tukunya sai ta jira. Aikin da ake ajiyewa kuwa shi ne wanda mai rage ƙiba yake wahala dominsa, wato ƙona kitse. A wani bincike da aka buga a 1999, masana a Kalifoniya sun ba wasu maza lafiyayyu barasa giram 24, daidai da abin da ke cikin babbar kwalba guda, suka tarar ƙona kitse a jikinsu ya ragu da kashi 73 cikin ɗari na wasu sa'o'i. Mutum ya wuni yana danne kwaɗayin shinkafa da burodi domin jikinsa ya koma cin kitsen da ya tara, da dare kwalba ɗaya ta dakatar da aikin.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lafiya, domin haɗa wannan tsari da giya yana da haɗari fiye da kowannensu shi kaɗai. Wanda ya daina cin sitaci, sukarin da hantarsa ke ajiyewa don ko-ta-kwana yakan yi ƙasa cikin 'yan kwanaki, sai hanta ta koma ƙera sabon sukari daga furotin domin ƙwaƙwalwa ta samu. Barasa tana toshe wannan hanya. Sakamakon haka sukarin jini na iya faɗuwa, mutum ya ji jiri, gumi ya karyo masa, hannu na rawa, magana na harɗewa. Na kusa da shi za su ɗauka maye ne, su ce a bar shi ya yi barci. Idan mai ciwon suga ne da ke allurar insulin ko shan ƙwayar gilibenkilamaid, wannan barci na iya zama suma, kuma faɗuwar takan zo sa'o'i bayan an gama sha, cikin dare. Ga shi kuma cikin da babu abinci mai nauyi yakan sa maye ya kama mutum da wuri, abin da ya saba sha ya hau babur lafiya yanzu ya fi ƙarfinsa.

Sai ciwon gaut, wanda kan tashi mutum tsakar dare da babban yatsan ƙafa a kumbure, ja wur, ko zani ya taɓa sai ihu. Sinadarin yurik ne ke taruwa ya daskare a gaɓa. Jan nama da kayan ciki irin su hanta da ƙoda suna ƙara shi. Giyar hatsi tana ƙara shi ta hanya biyu: tana ɗauke da abin da ke rikiɗa ya zama yurik, sannan barasarta tana hana ƙoda fitar da shi. Wani bincike na jami'ar Harvard da aka buga a 2004, wanda ya bi maza sama da 47,000 tsawon shekara 12, ya nuna masu shan kwalba biyu ko fiye a rana sun ninka waɗanda ba sa sha sau biyu da rabi wajen kamuwa da gaut. Rage sitaci a kwalba bai cire wannan ba. A ƙara da cewa yawan furotin yana buƙatar ruwa sosai don ƙoda ta wanke dattinsa, giya kuwa fitsari take sawa ta busar da jiki, balle a zafin Maris da Afrilu.

Kuma ba a cika shan giya ita kaɗai ba. Tana buɗe ciki, tana sassauta niyya. Tsiren da aka shafe da mai da ƙuli, farfesu, soyayyen dankali da ƙarfe sha ɗayan dare, duk suna biyo ta.

Yanzu ga ku da ba ku sha. Hajiya da ta bar tuwo da taliya amma kullum sai ta sha maltina mai sanyi saboda an ce tana ƙara jini, ta juya gwangwanin ta karanta abin da aka rubuta a baya. Babu barasa a ciki, amma sukari ne cike, kuma wajen kalori ba ta ƙasa da lemon kwalba. Lemon kwalba irin na kola yana da sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100, ke nan robar santilita 50 ta kai giram 50. Wannan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda, ta kuma ce rabinsa ya fi. Zoɓo da kunun aya da lamurje na sayarwa ba su da rubutu a jiki, mai haɗawa ce kaɗai ta san kofin sukari nawa ta zuba. Haka shayin mai shayi da aka cika da madarar gwangwani. Abin da aka sha ba ya ƙosarwa yadda abin da aka tauna yake yi, shi ya sa mutum kan manta da shi idan yana lissafin abin da ya ci.

Mai son rage ƙiba ya riƙe ruwa, ya yi zoɓonsa a gida da citta da kanumfari ba sukari, ya sha nono ko kindirmo yadda yake. Shi kansa tsarin cin nama zalla ban ba kowa shawarar ya daɗe a kai ba. A 2010 hukumar kula da ingancin abinci ta Faransa ta yi gargaɗi a kan haɗarin irin waɗannan tsare-tsare idan babu kulawar likita. Wake da ƙwai da kifi da gyaɗa da awara, tare da zogale da alayyafo da tuwo daidai gwargwado, sun fi dorewa kuma sun fi sauƙi ga aljihu. Mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu ko shayarwa, da mai ciwon suga, kada su fara sai sun ga ma'aikacin lafiya.

Ɗan'uwa da ya daɗe yana sha kullum da yawa, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki don ka fara sabon tsarin abinci. Jikin da ya saba yana iya amsawa da rawar jiki da ruɗewa har da farfaɗiya cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma wannan yana kisa. Ka zo asibiti ka faɗi adadin da kake sha ba ragi. Akwai magungunan da ake bayarwa a sauko da kai a hankali, kuma sirrinka amana ne a wurinmu.