Wuni guda a Osaka: me za a ci, ina za a yi sayayya?

Me ya sa Osaka, ba Tokyo ba?

Tun zamanin Edo (1603 zuwa 1868), lokacin da shinkafar sassan Japan ke taruwa a kasuwar Dojima da ke birnin, ake yi wa Osaka kirari da ɗakin girkin ƙasa. Mutanen garin suna da kalmar kuidaore, wato mutum ya ci har aljihunsa ya ƙare. Ga kuma sauƙin zirga-zirga: jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Midosuji ya haɗa unguwannin Umeda, Shinsaibashi da Namba, kuma kusan duk abin da baƙo ke nema yana kan wannan layi.

Ina za a fara da safe?

Shagunan kasuwa ba sa buɗewa da sassafe. Kafin nan a shiga ɗaya daga ƙananan shagunan da ba sa rufewa, irin su 7-Eleven ko Lawson, a sayi onigiri, dunƙulen shinkafa da aka naɗe da ganyen teku, mai kifi a ciki. Da hantsi sai a nufi kasuwar Kuromon kusa da Namba, doguwar rumfa mai rufi inda ake gasa kifi a gabanka, ana yanka kifin tuna ɗanye. Farashinta ya hau saboda yawan baƙi, don haka a ɗanɗana kaɗan a wuce. Kuma a tsaya a ci a gaban shagon, domin ci ana tafiya ba ɗabi'arsu ba ce, kwandon shara ma da wuya ka gani a titi.

Musulmi zai iya cin abincin titi hankali kwance?

Nan ne ake bukatar natsuwa. Naman alade yana shiga wuraren da ido ba ya gani. Romon taliyar ramen sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi. Okonomiyaki, wainar fulawa da kabeji da garin ke alfahari da ita, yawanci da yankan alade ake soya ta. Kushikatsu na unguwar Shinsekai, tsire ne da ake soyawa cikin mai, kuma na alade da na kayan lambu duk mai ɗaya suke shiga. Sai kuma mirin da sake, giyar shinkafa da ake zubawa a miya da romo kamar yadda muke zuba daddawa, mai girkin ma ba ya ɗaukarta a matsayin giya. Don haka tambayar "akwai alade?" kaɗai ba ta wadatar ba.

Ni shawarata, a riƙe alamar rubutun 豚, ita ce alade, a duba ta a jikin kowane ƙunshi. A nemi gidajen abinci masu shaidar halal, akwai su a kewayen Namba, har da masu ramen da naman sa. Abincin teku kuwa a mazhabar Malikiyya halal ne, saura a lura da abin da aka zuba masa.

To takoyaki fa, da kowa ke magana?

Duk wanda ya san tandar waina zai gane kaskonsa nan take: ƙarfe mai ramuka, a zuba ƙullu, a sa guntun tako, wata halittar teku mai hannaye takwas, a yi ta juyawa da tsinke har ya zama ƙwallo. A Osaka aka fara shi a 1935, a shagon Aizuya. Cikinsa yana da zafi sosai, a bar shi ya huce. A tambayi abin da ke cikin ƙullun da miyar da ake shafa masa, ko a nemi mai gishiri kawai.

Ina ya fi dacewa a kashe kuɗin tsaraba?

Jama'a suna tururuwa zuwa titin shaguna na Shinsaibashi-suji don tufafi da kayan kwalliya. Amma ni na fi son Doguyasuji, ɗan gajeren titi a unguwar Sennichimae da yawancin shagunansa kayan girki suke sayarwa. A nan ake samun wuƙaƙen Sakai, garin maƙera da ke kudu da Osaka, wanda masu dafa abinci a faɗin Japan ke dogaro da shi. Wuƙa ɗaya mai kyau za ta yi shekaru tana aiki a gida. Sai dai a sa ta a babban akwati, ba jakar hannu ba, ranar komawa.

A riƙa yawo da fasfo, don da shi ake neman rangwamen haraji. Harajin saye kashi 10 ne cikin ɗari, na kayan abinci kashi 8, kuma baƙon da ya yi sayayyar yen (kuɗin Japan) 5,000 zuwa sama a shago ɗaya mai rajista zai iya samun rangwamen harajin.

Ana taya kaya? Ana ba da tukuici?

Farashin da ke rubuce shi ne farashi. Tukuici kuwa babu shi a al'adarsu, idan ka bar canji a tebur ma'aikaci na iya biyo ka da shi.

Salla fa?

Akwai ɗakin salla a filin jirgin Kansai, da cibiyar kasuwanci ta Namba City, da tashar jirgin ƙasa ta Osaka. Mai son Juma'a a masallaci mai tarihi ya hau jirgin ƙasa zuwa birnin Kobe, tafiyar kusan rabin sa'a, inda masallacin da aka gina a 1935 yake tsaye har yau.

Da dare ina za a ƙare?

Dotonbori, bakin magudanar ruwa, ƙarƙashin allon tallar kamfanin Glico mai hoton ɗan tsere. Cunkoso ne sosai bayan magariba. Wanda ya gaji da turereniya ya sauka hawan ƙarƙashin ƙasa na babban kantin Takashimaya a Namba, inda ake rage farashin dafaffen abinci dab da rufewa, ya saya ya tafi masauki ya ci.