Ciwon moyamoya: me likita yake dubawa a hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa?

Wai menene ma moyamoya ɗin?

Manyan jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa ne suke tsukewa a hankali a hankali can cikin kai, sai jiki ya tsiro da wasu ƙanana siraran jijiyoyi don su cike gurbi, a hoto sai ka gan su kamar hayaƙi ya tashi. Likitocin Japan, Suzuki da Takaku, su suka raɗa masa sunan a 1969 saboda wannan kama da hayaƙin, kuma a can da Koriya ya fi yawa. Yara sun fi fama da ƙarancin jini a ƙwaƙwalwa, manya kuwa sau da yawa jijiyar ce take fashewa.

To in hoto ya nuna ta tsuke sosai, shanyewar ɓarin jiki ta zama dole kenan?

A'a, tsukewar kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Abin da ake so a gani shi ne ta ina jinin ya zagaya, kuma yana isa ko baya isa. Akwai gwajin SPECT, hoton da ke nuna yawan jinin da ke isa kowane sashe na ƙwaƙwalwa, da ake ba mutum maganin acetazolamide don jijiyoyi su buɗe, in an ba shi amma jinin bai ƙaru ba to wurin nan ba shi da sauran rara, haɗarin ya yi yawa. Haka ma in tsukewar ta kai ga jijiyar bayan ƙwaƙwalwa.

Fashewar fa, ana iya hango ta?

Akwai alamu. In siraran jijiyoyin da ke zurfi kusa da ramukan ruwan ƙwaƙwalwa suka kumbura suka yi tsawo fiye da ƙima, musamman na ta baya, su suka fi saurin fashewa, sannan hoton MRI kan nuna ɗigo-ɗigon baƙi na tsohon jini da ya tsiyaya ba a sani ba. Binciken JAM na Japan da ya fito a 2014 ya nuna tiyatar jona sabuwar jijiya tana rage sake zubar jinin ga manya.

Mu nan ya shafe mu?

Sosai ma, ta wajen sikila, domin tana jawo irin wannan tsukewar. Yaro mai sikila a riƙa yi masa gwajin TCD, ba allura ba zafi, na'ura ake ɗorawa a gefen kai a auna gudun jini, in ya kai santimita 200 a sakan ɗaya to yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma a Kano an yi binciken ba irin waɗannan yaran maganin hydroxyurea don rage wannan haɗarin. Don Allah in yaro ya yi kuka sosai sai hannu ko ƙafa ya saki na ɗan lokaci ya dawo, kar a ce iska ce, a kai shi asibiti a ranar.